"Sa lambata": Yadda kamfanoni ke gane wanda ya sa ka sauke manhaja

Da wuya a samu mai riƙe da babbar waya a Burumburum, ko Tudun Wada, ko Kiru, wanda bai taɓa cin karo da irin wannan saƙon ba: "Sauke manhajar nan ta wannan mahaɗin, ka sa lambata, za a ba ka kyauta, ni ma a ba ni." Wani lokaci a zauren WhatsApp na 'yan aji ake turo shi. Wani lokaci mai POS ɗin bakin kasuwa ne zai faɗa maka baki da baki, ko kuma wani jarumin TikTok ya rufe bidiyonsa da shi.

Yawancinmu muna dannawa ne kawai, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu abu biyu ba. Na farko, ta yaya kamfanin da ofishinsa ke Legas, ko ma ƙasar Sin, ya san cewa wane ne a Burumburum ya jawo wane? Na biyu, me ya sa zai ɗauki kuɗinsa ya biya saboda wannan? Mu da muka riga ku shiga jami'a mun ga ya dace mu warware wa ƙannenmu na sakandare wannan lamari, domin a cikin cinikin nan, wayarku da sunanku su ne hajar.

La'ada ce, sai dai ta waya

Ku tuna yadda ake yi a tashar mota. Direba na son motarsa ta cika, ɗan kamasho kuma shi ne mai kawo fasinja. Idan mota ta tashi, sai a ba shi nasa kason. Haka ma a kara: dillalin da ya haɗa mai saye da mai sayar da sa, yana da la'adarsa. A duk wuraren nan biyu, rigimar da aka fi yi ɗaya ce, wato wa ya kawo mutumin?

Masu manhaja ma wannan ce damuwarsu. Kamfani na iya sa talla a rediyo, ya sa a Facebook, ya biya jaruman Kannywood, ya kuma tura wakilai kasuwannin ƙauye. Idan wata ya ƙare aka ga mutum dubu sun sauke manhajarsa, yana so ya san nawa ne rediyo ta kawo, nawa ne Facebook, nawa ne wakilai. Idan bai sani ba, zai ci gaba da zuba kuɗi a inda babu riba.

Matsalar ta girmi wayar salula. Akwai wani attajirin ɗan kasuwa a birnin Filadelfiya na Amurka mai suna John Wanamaker, wanda ya rasu a 1922. Ana jingina masa cewa ya san rabin kuɗin da yake kashewa a talla asara ne, abin da bai sani ba shi ne wane rabin. Duk fasahar bin sawun da za mu yi bayani a kanta, ƙoƙari ne na gano wannan rabin.

Yadda abin ya iso garuruwanmu

Kowa zai iya tuna farkon shekarar 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa ranar 31 ga Janairu a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma mutane na gudunsu. Manomin da ya kai masara ko shinkafa kasuwa sai ya rasa yadda za a biya shi. A garuruwan da ba su da reshen banki, kamar yawancin namu na kudancin Kano, wahalar ta fi tsanani.

A wannan lokaci ne manhajojin tura kuɗi irin su OPay da PalmPay, da na'urorin POS na Moniepoint, suka shiga lunguna da saƙo. Mai shayi ya buɗe asusu, mai nama ya buɗe, ɗan acaɓa ma haka. Kamfanonin sun shiga gasar samun mutane, kuma ɗaya daga cikin manyan makamansu shi ne lambar gayyata: ka kawo wani, a ba ka tukwici.

Akwai kuma wata hanyar da ba a cika lura da ita ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda ke ƙera wayoyin Tecno da Infinix da itel, yana cikin waɗanda suka zuba jari a PalmPay lokacin da aka ƙaddamar da ita a Najeriya a 2019. Shi ya sa mutum kan sayi sabuwar waya ya tarar da manhajar tana ciki tun daga kwali. Wannan ma hanya ce ta kawo fasinja, kuma ana lissafa ta.

Hanyoyi uku na bin sawu

Hanya ta farko ita ce alamar da ake maƙala wa mahaɗi. Idan kuka lura, mahaɗin da aboki ya turo yakan yi tsawo, da wasu haruffa da lambobi a wutsiyarsa. Wannan wutsiyar tamkar shaidar da ake yi wa buhu ce a kasuwar hatsi don a san mai shi. A cikinta ake rubuta daga ina aka fito da kuma sunan tallar. Sau da yawa za ku ga haruffa uku, utm, a ciki. Sun samo asali ne daga wani kamfani mai suna Urchin da Google ya saya a 2005.

Idan ka danna, mahaɗin zai kai ka Play Store, shi kuma Play Store sai ya ajiye wannan shaidar. Ranar da ka fara buɗe manhajar, kafin ma ka rubuta sunanka, sai ta tambayi Play Store ta inda ka biyo. Za a ba ta shaidar, tare da lokacin da ka danna da lokacin da saukewar ta fara. Nan take ta aika wa masu ita.

Hanya ta biyu ita ce lambar talla. Kowace wayar Android da ke da manhajojin Google tana da wata doguwar lamba da aka ware saboda masu talla, daban da lambar layinka. Idan ka danna talla a cikin wani wasa ko wani shafi, sai a rubuta cewa waya mai lamba kaza ta danna da ƙarfe kaza. Idan daga baya aka buɗe manhajar a waya mai wannan lambar, sai a haɗa biyun. Akwai kamfanonin da wannan haɗawar ita ce sana'arsu, kamar AppsFlyer da Adjust da Kochava. Su ne alƙalan da ke tsakanin mai manhaja da masu tallata ta. A mafi yawan lokuta ana ba da kwana 7: idan ka sauke cikin mako guda bayan dannawa, tallar ce ta kawo ka.

Hanya ta uku ita ce wadda muka fi sani, lambar gayyata da mutum ke rubutawa da hannunsa. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ke aiki a inda babu abin dannawa. Ba a danna rediyo, ba a danna allon talla na bakin titi. Shi ya sa mai gabatar da shiri zai ce a sa wata kalma ta musamman wajen rajista. Duk wanda ya sa ta, an san daga wannan shirin ya fito.

Wanda kuwa ya shiga Play Store da kansa ya nemi manhaja ya sauke, ba tare da wata shaida ba, ana sa shi a layin waɗanda suka zo da ƙafarsu. Ba a biyan kowa la'ada a kansa.

Kura da shan bugu

A nan ne lissafin ke fara karkacewa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, wanda aka danna tallarsa a ƙarshe shi ke da la'ada.

A ce wani ɗan aji biyar ya fara jin labarin wata manhajar koyon darasi a rediyo. Bayan kwana biyu malamin lissafi ya yaba ta a aji. Yayansa da ke karatu a Kano ya zo hutu ya nuna masa yadda take aiki. Ya riga ya yanke shawarar saukewa. Da daddare yana duba Facebook sai ga tallarta, ya danna, ya sauke. A littafin kamfani, Facebook ne ya kawo shi. Rediyo da malam da yaya ba su bayyana ko'ina ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamar dai mutumin da ya riga ya nufo mota da ƙafarsa, ɗan kamasho ya tare shi a bakin ƙofa ya karɓi jakarsa, sannan ya ce shi ya kawo shi.

Abin da na'urar ba ta gani

A garuruwanmu akwai wani giɓin da ya fi wannan girma. Data na da tsada, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ga kuma raunin sabis a ƙauyuka da dama, musamman idan aka nausa wajen dajin Falgore. Saboda haka mutane da yawa ba sa zuwa Play Store. Mutum ɗaya ne zai sauke, sannan ya tura wa goma ta Xender. Wasu kuma wajen mai cajin waya ko mai tura finafinai suke kai wayarsu a zuba musu komai.

Manhajar da ta biyo ta Xender ba ta zuwa da shaidar mahaɗi, domin ba ta bi ta Play Store ba. Idan mutanen nan goma suka buɗe ta, kamfani zai ɗauka da ƙafarsu suka zo. Mai cajin wayar da ya yi aikin yaɗa ta, babu sunansa a ko'ina. Wanda ke zaune a ofis yana kallon alƙaluma a kwamfuta zai iya yanke hukuncin cewa tallar intanet ce ke aiki a Bebeji ko Doguwa, alhali amana ce tsakanin mutum da mutum.

Wannan ne ya sa lambar gayyata ta fi tasiri a wajenmu. Ko ta wace hanya manhajar ta shigo wayarka, lambar da ka rubuta za ta nuna wanda ya kawo ka. Sai dai a kula: manhajar da aka turo daga wayar wani, ba ka da tabbacin ba a taɓa ta ba. Duk abin da ya shafi kuɗi, a daure a sauke shi daga Play Store ko da zai ci data.

Ɓarayin la'ada

Duk inda ake raba kuɗi bisa lissafi, sai an samu masu murɗe lissafin. Wata dabarar ita ce a riƙa aika rahoton dannawa na ƙarya da sunan miliyoyin wayoyi. Idan wani daga cikin masu wayoyin ya sauke manhajar don raɗin kansa, sai a ce ai ya danna tallarsu jiya. Wata dabarar kuma ta fi wannan wayo: wata manhaja da ke cikin wayarka ta laɓe tana jira, da ta ga ka fara sauke sabuwa, sai ta yi wuf ta aika rahoton dannawa, ta zama ita ce ta ƙarshe.

A watan Nuwamban 2018 kafar BuzzFeed News ta wallafa binciken kamfanin Kochava da ya zargi wasu manhajoji 8 na kamfanonin Cheetah Mobile da Kika Tech da irin wannan aiki. Jimillar saukewar da aka yi musu ta haura biliyan 2. Bayan haka Google ya cire biyu daga cikinsu daga Play Store.

Labarin Uber, kamfanin tasi na Amurka, ya fi ban mamaki. A 2017 ya maka wani kamfanin talla mai suna Fetch a kotu, yana zargin an sa shi biyan kuɗin tallar bogi, zargin da Fetch ya musanta. Daga baya wani tsohon jami'in talla na Uber, Kevin Frisch, ya bayyana cewa sun dakatar da tallar kusan dala miliyan 100 daga cikin miliyan 150 da suke kashewa a shekara, amma yawan masu sauke manhajar bai wani sauya ba. Ashe mutanen da ƙafarsu suke zuwa, wasu ne kawai ke tare su a bakin ƙofa.

Me ya sa ake matsa maka ka yi rajista?

Irin wannan zambar ce ta koya wa kamfanoni cewa saukewa kaɗai ba ta isa hujja ba. Ga misali na lissafi. A ce kamfani ya kashe naira 200,000 a tallar intanet, mutum 1,000 suka sauke. Kowane mutum ya tsaya masa a naira 200. Ya kuma kashe wata 200,000 ɗin a kan wakilai, suka kawo mutum 400, wato naira 500 kowanne. A ido, intanet ta fi araha. To amma a ce bayan wata guda, mutum 50 ne kacal daga na intanet ke amfani da manhajar, na wakilai kuma 200. Sai lissafi ya juye: na intanet naira 4,000 kowanne, na wakilai 1,000. Araha ba ta ado.

Shi ya sa yanzu ba a cika biyan tukwici ba sai wanda aka gayyata ya yi rajista, ya sa lambar BVN ko NIN, ya kuma yi hada-hadar farko. Idan kun ga wanda ya turo muku mahaɗi yana ta bibiya, "ka gama rajistar kuwa? ka sa ko ɗari biyar ce," to ba a biya shi ba ne tukuna.

Inda haɗarin yake

Daga nan ne wasa ke zama gaske. Tunda asusun da ke da NIN ya fi daraja, sai aka samu masu yawo suna karɓar lambobin mutane. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke biyan mutane naira 1,500 zuwa 2,000 don su karɓi bayanansu, su kuma sayar a kan kusan naira 5,000. Ana buɗe asusu da waɗannan bayanai a yi damfara da shi. Ranar da asiri ya tonu, mai sunan da ke kan asusun za a fara nema. Tsofaffi da matan aure da ɗalibai su ne aka fi yaudara, domin ana ce musu tallafi ne. Idan wani ya zo gidanku da irin wannan maganar, ku da kuka yi karatu ku ne ya kamata ku fara tambayarsa.

Haɗari na biyu shi ne tsarin da gayyatar ita ce kasuwancin gaba ɗaya. Iyayenmu na tuna MMM, da ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta kuma rufe asusun mutane a watan Disambar 2016. A watan Afrilun 2025 CBEX ta ruguje da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya. Dukansu da gayyata suka yaɗu, aboki ya jawo aboki, ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa. Tambayar da ke bambance su da kamfanin gaskiya ita ce: daga ina kuɗin tukwicin ke fitowa? Idan kamfani na da aikin da yake yi wa jama'a, kamar tura kuɗi ko sayar da data, tukwicin kuɗin tallarsa ne. Idan kuwa sai ka zuba naka sannan a biya wanda ya kawo ka, to kuɗinka ne ake ba shi, kai ma sai ka kawo wani za ka ga naka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na uku shi ne izinin da muke bayarwa ba tare da karantawa ba. Wasu manhajojin ba da bashi sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke wayar mutum, su riƙa aika wa danginsa saƙon cin mutunci idan ya makara. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, Google kuma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotunan waya daga ƙarshen watan Mayun 2023.

Abin da ke hannunku

Bin sawun nan yana da iyaka, kuma mai waya na da ta cewa. A watan Afrilun 2021 kamfanin Apple ya wajabta wa manhajoji su nemi izinin mai iPhone kafin su bi sawunsa. Mutane da yawa suka ƙi. A farkon 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya ce sauyin zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a wannan shekarar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku darajar abin da muke bayarwa kyauta.

A wayar Android ma ana iya goge lambar talla. A shiga Settings, a nemi Google ko Privacy, sannan wurin da aka rubuta Ads. Talla ba za ta daina zuwa ba, amma haɗa sawunka daga wannan manhaja zuwa waccan zai yi wuya. A gida Najeriya kuma, Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba kowa damar janye yardarsa da neman a goge bayanansa, ta kuma tanadi a nemi yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Hukumar NDPC ce ke kula da ita.

Kafin ku danna mahaɗin gayyata, ku tambayi wanda ya turo nawa za a ba shi. Aboki na gari ba zai ɓoye ba. Ku duba sunan kamfanin da ya yi manhajar, ku duba izinin da take nema. Fitilar waya ba ta da abin yi da lambobin 'yan'uwanku. Kada ku ba kowa NIN ɗinku, ko na mahaifiyarku, ko lambar sirrin da aka turo ta saƙo, ko nawa ne za a biya. Idan kuma ku ne masu gayyatar, ku tuna cewa wanda ya sa lambarku saboda ku ya sa, kuma idan abu ya lalace ƙofar gidanku zai zo.

Ga masu son lissafi, akwai wani abin dubawa. Misalin naira 200,000 da muka kawo a sama, rabawa ce da kaso cikin ɗari, abin da ake koyarwa tun ƙaramar sakandare. Akwai mutanen da wannan lissafin shi ne aikinsu, kuma ana karanta tushensa a sassan ƙididdiga da kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Aliko Ɗangote da ke Wudil. Kamfanonin suna da na'urori, amma na'urorin ba su san mai cajin waya ba, ba su san ranar kasuwa ba, ba su san cewa bayan girbi ne ake sauya waya ba. Ɗan Burumburum da ya iya lissafin, ya kuma san waɗannan, yana da abin da za a nema a wajensa.